Giginyar da Ba Ta Nuna Ba

Daminar da ta wuce ruwa ya sake shiga mana gari. Bai kai na wancan karon da aka yi ina matashi ba, amma ya kwashe unguwar gangare kaf, har da gidan mai unguwa, wanda ya daɗe yana cika mana baki cewa harsashin gininsa na siminti ne. Da ruwan ya janye, 'yan asalin garinmu mazauna Kano da Abuja suka haɗa hannu suka aiko da kwanon rufi da siminti. Suka ce mu kuma mu kawo ƙarfi da tubali da azara, a tayar wa duk gidan da ya rushe ɗaki. Allah Ya saka musu da alheri. Sun kuma kafa sharaɗi, wai duk wanda aka gina wa sai ya dasa bishiya. Ranar da aka kawo dashen darbejiya cikin baƙar leda, ɗaukar hoto da waya ya fi haƙa rami yawa. Amma dai an dasa, kuma ina ganin mata suna zuba musu ruwan wanke-wanke.

Ni magini ne, ɗan magini, a wani ƙauye tsakanin Auyo da Haɗeja. Shekaruna sun haura sittin, gwiwa ta daina hawa bango, saboda haka kwamitin ginin suka ba ni aikin da ba ya buƙatar gwiwa: ni ke nuna giginyar da za a sare. Azara, itacen nan da ake jerawa a rufa ɗaki, daga jikin giginya ake tsaga ta. Giginya kuwa akwai namiji, akwai mace. Namiji fure kawai yake yi, dogo mai kauri kamar igiyar ɗaure saniya, kuma shi ake sarewa don itacensa ya fi tauri. Mace ita ke yin 'ya'ya, a sha, a binne ƙwallon ya tsiro da muruci a dafa a ci. Tun kakanni a garinmu ba a sa wa macen giginya gatari. Wahalar ita ce ba ka gane wace ce wace sai ta nuna, kuma giginya ba ta san gaggawa ba. Takan yi shekara talatin ko fiye tana tsaye ba ta ce da kai komai ba.

Shekaranjiya Sani, sakataren kwamiti, ya same ni a bakin fadama shi da masu injin yanka itace. Ɗaki ɗaya ya rage ba a rufa ba, na Talatu, wadda mijinta ya rasu bara ya bar ta da yara huɗu. Kwanonta yana nan a ajiye, amma azarar da za a ɗora shi a kai ta ƙare, mazan giginyar da na nuna duk an sare su. Sani ya miƙa hannu ya nuna wata doguwa da ke gefe.

“Baba, waccan fa? Sa'o'inta duk sun yi 'ya'ya, ita shiru. Ai namiji ne.”

“Ka ga furensa?”

“Ban gani ba, amma ai...”

“To a kashe injin nan.”

Ya share gumi, ya yi ƙasa da murya don yaro ne mai ladabi. “Baba, ka yi haƙuri. Bazara ta shigo, ga hadari yana ta haɗuwa a gabas. Mace da yara huɗu a bukka. Itace za mu duba ko mutum?”

Maganar nan da ya faɗa tawa ce. Ni na fara faɗinta, kusan shekara arba'in ke nan, ba nisa da inda muke tsaye.

Wancan ruwan a ƙarshen damina ya zo, gero ya riga ya fitar da kai, kowa na murna. Kwana uku sama ba ta ɗauke ba, sannan kogi ya ƙaro nasa. Bai zo da gudu ba. Da hantsi muka gan shi yana shigowa ta ƙarƙashin zana, ya kai idon sawu, awaki suna ta hawa turmi. Kafin la'asar ya kai gwiwa. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa farat ɗaya, daga ƙasa yake jiƙa, ya riƙa zama a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, sai ka ji rufin ya biyo. Haka muka tsaya cikin ruwa muna kallon gidajen da iyayenmu suka gina suna zaunawa ɗaya bayan ɗaya. Muka kwashe tsofaffi da yara a kwalekwale zuwa tudun da garin yake yanzu. Azarar gidajen kuwa, wadda ba ta karye ba ruwa ya tafi da ita.

Cikin waɗanda na ɗauko har da Gwaggo Falmata, yayar mahaifina. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da aka yaye ni aka ba ta ni, ita ta raine ni, ita ta yi mini aure. Sunan mahaifinta, Bukar, aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba sai “Babana”, ko da zagina za ta yi. Mijinta ya rasu tun ina saurayi. Gajeriya ce, mai kaifin baki, Babarbariya ta wajen uwa, in ranta ya ɓaci sosai sai ta juya harshe yadda ba za ka san me aka ce maka ba, ka dai san ba addu'a ba ce. Abin da ta fito da shi daga gidan tukunya ɗaya ce da ƙwaryar iri da wata kaza mai kwanci. Duk tsawon hanya faɗa take mini wai tuƙina zai kifar mata da kaza.

Sai yunwa ta zauna. Kifi dai ya yi yawa, har a inda dā gonar gero ce sai ka kama tarwaɗa da hannu. Wanda bai taɓa yunwar hatsi ba zai ce mai kifi me ya rasa. To ya ci tarwaɗa safe da yamma wata biyu ba tuwo, ya ga yadda ƙamshinta ma zai riƙa tayar masa da zuciya. Mata suka riƙa shiga ruwa har ƙirji suna tsinko bado, a shanya 'ya'yan, a daka, a tuƙa wani abu mai tsaki-tsaki a kira shi tuwo don yara su yarda su ci. Ciki yakan cika, amma in ka miƙe sai ka ji jiri. Iska in ta kaɗo daga gonaki warin ruɓaɓɓen gero take kawowa, ga sauro, ga zazzaɓi gida-gida. Ban manta da wata safiya da na ga wani dattijo mai mutunci yana lasar muciya a bayan bukka ba. Ya gan ni, na gan shi, ba wanda ya gaida wani.

Wani attajiri mai fataucin shinkafa a Haɗeja ya aiko da buhunan gero har bakin ruwa, da kwanon rufi kaɗan. Direban motar ya ce mai kayan ya hana a faɗi sunansa, har yau kuwa zato kawai muke yi. Geron aka raba gida-gida, kwanon aka rufa masallaci da ɗakin karatun yara. Ranar da aka fara tuƙa tuwon geron nan, garin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar hannu cikin akushi. Da geron ya ƙare, abin da ya riƙe mu muruci ne. Gwaggo tana da matan giginya uku a bayan tsohon gidanta, gadon mijinta, kuma duk shekara takan tara ƙwallon ta binne a ramuka a kan tudu. Dā har tsiya ake mata, a ce tsohuwa ita kaɗai me za ta yi da muruci haka. Shekarar nan ba wanda ya yi mata tsiya. Kullum takan tono, ta dafa a tukunyar nan tata, yara su yi layi.

Da ƙasa ta bushe, Sarkin Magina, Malam Haruna, ya tara maza bayan sallar Juma'a. Ya ce ba wanda zai gina nasa shi kaɗai, don in aka bar kowa da ƙarfinsa, masu 'ya'ya maza za su kwana a ɗaki, sauran su kwana a waje. Gayya za a yi, ɗaki ɗaya ga kowane gida. Tsofaffi da matan da ba su da maza a fara, magina su zo ƙarshe. Na ji haushin wannan na ƙarshen, amma ba a musu da Malam Haruna. Na kai matata gidan iyayenta a Auyo, ni kuma na koma kwana a zauren masallaci da sauran maza.

Aikin yana da tsarinsa. Ana idar da sallar asuba mu nufi kududdufi da fartanya da sangwami mu haƙo ƙasa. Mata su jido ruwa. A zuba busasshiyar ciyawa a tattake da ƙafa, ruwan sanyi yana shiga cikin faso kamar ana zuba barkono. A bar kwaɓin ya kwana biyu ya yi danƙo, a mulmula tubali, a jera a rana. In ya bushe, mu magina mu hau, na ƙasa suna cillo mana tubali muna cafewa. Ba a ɗora bango a rana ɗaya, sai an bar sahun jiya ya sha iska, shi ya sa muke ɗaukar ɗaki uku ko huɗu a lokaci guda muna zagayawa. Da azahar a kawo kunu tsararo da murucin Gwaggo. Makaɗin garin ma yana zuwa da gangarsa, duk da yunwa ta sa kiɗan nasa ya zama na jan ƙafa. Yanzu ina kallon yaran nan suna buga bulo da inji, mota ta kawo yashi, a tashi ɗaki cikin mako guda. Ya fi sauri, ba zan yi ƙarya ba. Mu kuwa wata biyar muka yi a kai.

Azara ce ta fi komai wuya. Kara babu tunda gero bai yi ba, ciyawar jinka ruwa ya ruɓar da ita, ba abin rufi sai giginya. Malam Haruna da dattawa suka zaga fadama suka sa alama a jikin duk namijin da kowa ya shaida furensa, aka sare, aka tsaga, aka ware wa kowane ɗaki rabonsa.

Gwaggo ita ce ta uku a layi. Ranar da muka zo da kaya ta fito daga bukkarta ta ce, “Ku fara da na Hansatu, jego take yi.” Muka tafi. Da muka dawo bayan mako biyu ta ce, “Malam makaho fa? Ni ina gani, in ruwa ya zo na san inda zan ruga.” Muka tafi. Da aka zo rufa ɗakin wasu marayu azararsu ta gaza, ta aika aka ɗebi tata. Na je na same ta raina a ɓace.

“Gwaggo, ke wai ba mutum ba ce? Kowa ki ba shi, kowa ki ba shi.”

“Ni kaɗai ce, Babana. Bukka ta ishe ni.”

“To ki koma ɗakin Hansatu kafin a yi naki. Ta ce ki zo.”

“Ban tsufan da zan zama kaya a ɗakin wata ba. Ka sha kunu ko ba ka sha ba?”

Haka take kashe magana. Bukkar kuwa tsohuwar zana ce da kaba, iska na shiga ta ko'ina. Sanyin shekarar ya kama mata ƙirji, ta fara wani tari mai zurfi da ba ya fita. In tana dafa muruci sai ta dafa ƙasa ta yi tarin har idonta ya yi ja, ta goge baki ta ci gaba.

Sai da kowa ya samu sannan ta yarda aka tayar da nata bangon. Lokacin bazara ta kankama. Zafi ya kai in ka taɓa bango da rana sai ka janye hannu, ƙadangaru ma inuwa suke nema. Da yamma hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, ya watse. Ɗakin Gwaggo yana tsaye, bango huɗu masu kyau da na ɗora da hannuna, sama a buɗe. Na san abu biyu. In ruwan farko ya sauka a kan bangon nan ba rufi, aikin ya narke. In kuma damina ta same ta a bukka da tarin nan, ba lalle ta ga kaka ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ita ce uwar da na sani.

Bayan matan giginyarta uku akwai ta huɗu, doguwa fiye da su, miƙaƙƙiya. Wannan Gwaggo da kanta ta binne ƙwallonta shekarar da aka kawo ta gidan miji. Ba ta taɓa 'ya'ya ba. Na sami Gwaggo tana tuƙa kunu na durƙusa.

“Gwaggo, doguwar nan namiji ne. Ki ba ni in rufa miki ɗaki.”

“Wa ya gaya maka namiji ne?”

“Waɗanda aka binne bayanta duk sun yi 'ya'ya.”

“Ka ga fure?”

“Tsawo ya yi yawa, ido ba ya kaiwa.”

“Naka idon. Ni kullum sai na duba. Mace ce, Babana. Jinkiri ta yi.”

“Jinkirin shekara arba'in? Wadda za ta haihu ai da tuni ta haihu.”

Muciyar ta tsaya a hannunta. A take na gane me na faɗa, da kuma wa na faɗa wa. Amma ƙuruciya da zafin kai ba su bar ni na yi shiru ba, sai na ƙara da cewa, “Kina tari kamar ranki zai fita. Itace za mu duba ko mutum?”

Ba ta juya harshe ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ka bar ta,” ta ci gaba da tuƙinta.

Da na so, da na sa an ɗaura igiya an hau an duba. Akwai masu hawa a garin. Ban so a duba ba, saboda ina tsoron amsar. Na je wurin Malam Haruna na ce ina son mutum biyu da gatari, na sami namiji.

“Wanne?”

“Doguwar bayan gidan Gwaggo.”

“Mai ita ta yarda?”

“Ta yarda.”

Ya dube ni. Sannan ya ce in ɗauki Audu da ƙanensa. Wannan ƙaryar ita ce mafi muni da na taɓa yi, kuma ko ido ban ƙifta ba da na yi ta.

Ranar kasuwa Gwaggo ta bi mota zuwa Haɗeja sayar da ragowar murucinta. Tana tafiya muka sa gatari. Jikin giginya baƙi ne mai tauri, gatari na dawowa har ka ji a haƙori. Tun hantsi muke sara, muna karɓa-karɓa, gumi na shiga ido, har azahar ta gota. Sai ta yi wani kuka daga ciki, ta karkata, tsuntsayen da ke kwana a kanta suka watse. Da ta faɗi sai da ƙasa ta girgiza a ƙafata. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na auna tsawonta da ido na ce ɗaki ya rufu.

Audu ya tafi wajen kan don ya sassare ganyen. Ya ɗaga gatari, sai ya tsaya.

“Bukar, zo ka gani.”

Can cikin gindin ganye, inda ba mai gani daga ƙasa, ga wani ɗan nono ya fito da 'ya'ya, koraye, kowanne bai fi ƙwan kaza ba. Guda bakwai. Haihuwarta ta fari ke nan.

Audu ya ajiye gatari ya ce, “Ni ba ruwana, kai ka ce ta yarda.” Zuciyata ta ce in tsinke su in jefa kogi, wa zai sani? Ban yi ba. Kada a ɗauka kirki ne ya hana ni, ƙarfin halin ne ba ni da shi. Na zauna a kan gangar jikin, cikin rana, har la'asar.

Tun daga nesa na hango Gwaggo da ƙwarya a ka. Ta tsaya cak, ba mu take kallo ba, sama take kallo, inda giginyar ta saba tsayawa. Sannan ta taho a hankali. Mutane sun riga sun taru. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta bi jikin itacen har kan, ta sauke ƙwarya ta durƙusa. Ta sa yatsa ta shafa su ɗaya bayan ɗaya.

“Ashe ta haihu,” in ji ta, a hankali. Ta sake cewa, “Ashe ta haihu.”

Ko ranar da mijinta ya rasu ban ga hawayenta ba, ranar ma ban gani ba. Da ta ɗauki itace ta rufe ni da duka a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi. Na ce, “Gwaggo, don Allah...” Ta tsinke 'ya'yan nan, ɗanyu ne, ko an binne ba za su tsiro ba, ta ƙulle su a bakin zaninta. Ta miƙe, ta yi tari, ta dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa.

“Kun tsaya kuna kallona? Ku tsaga ta mana. Ko so kuke ta faɗi a banza?”

Malam Haruna bai yi mini tsawa ba. A gaban kowa ya ce in gama rufin nan, daga shi kuma ba zan ƙara hawa bangon kowa ba sai na binne ƙwallon giginya kwando uku a bakin fadama, na kewaye su da ƙaya saboda awaki, kuma ko yunwa za ta kashe ni ba zan tono ɗaya in ci muruci ba. Na yi. Daminar nan duka a kai na ƙare. Giginyun da muke sarewa bana, da matan da yara ke tsintar 'ya'yansu, da doguwar da Sani ya nuna, duk daga kwandunan nan suka fito.

Da aka tsaga itacen, ɓawon mai tauri siriri ne, cikin duk taushi. Da ƙyar muka fitar da abin da zai ishi ɗaki ɗaya, kowa na cewa azarar mace ce, ba za ta shekara goma ba. Kwana uku muka yi: muka jera azara, muka shimfiɗa zana, muka zuba ƙasa muka daddaɓe, muka shafe da makuba don kada ruwa ya shiga, muka sa indararo. Ranar da nake yaɓen gaba, Gwaggo ta jawo turmi ta kife ta hau. Ta kwance bakin zani, ta danna 'ya'yan nan bakwai cikin ɗanyen yaɓe a saman ƙofa, a jere. Ta sauko ta ce in shigar mata da tukunyarta.

Kashegari da la'asar ruwan farko ya sauka. Iska ta fara zuwa, sai ƙamshin ƙasa, sai manyan ɗigo, sai ya kece. Yara suka fito tsirara suna ihu. Na zo na tsaya a bakin ƙofarta ruwa na dukana, kunya ta hana ni shiga. Tana zaune a kan tabarma ta ɗaga kai tana kallon azara, indararo na zuba a waje, ciki ko ɗigo babu.

“Babana, shigo mana. Ko kai ma tarin kake so?”

Na shiga na rakuɓe. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, “Ta miƙe dai. Ko gwiwa babu.” Ta tura mini ƙwaryar kunu.

Tarin ya sake ta kafin tsakiyar damina. Shekara tara ta yi a ɗakin nan, a ciki ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko cikin faɗa, ita da ba ta mance laifin da na yi ina ɗan shekara biyar ba. Ni ne dai ban taɓa shiga ɗakin ban sunkuyar da kai fiye da yadda ƙofar ke buƙata ba. 'Ya'yan sun bushe sun faɗi tun shekarar farko, suka bar ramuka bakwai. Duk shekara nakan sake yaɓen ɗakin, in na zo wurin sai in zagaye. A ciki nake ajiye iri, a ciki nake kishingiɗa da rana. Har jikokina da ba su san ta ba ɗakin Gwaggo suke ce masa.

Shekaranjiyar nan a bakin fadama, Sani yana nan tsaye yana jirana, masu inji sun nemi inuwa.

“Baba, to me za mu ce wa Talatu?”

“Ku biyo ni.”

Na kai su gida, na fitar da buhunan iri da tabarmata, na ce su yaye rufin. Sani ya ja da baya.

“Haba Baba. Ɗakin Gwaggo ne fa. In aka cire rufin nan, damina ɗaya bangon zai zauna.”

“Ni za ka koya wa? Ni na gina shi. Ku hau.”

Jiya suka sauke azarar. Na zauna a kan turmi ina kallo, raina ba daɗi, ba kuma zan ce da wani ya daina ba. Azarar ta yi baƙi wuluk da hayaƙi, gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Sani ya ƙwanƙwasa wata da guduma ta yi ƙara, ya ce, “Kai, wannan namiji ne na gaske.” Na ce masa mace ce. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Yau da safe aka ɗora wa Talatu kwano. Ƙaramar 'yarta sai shiga take tana fita tana taɓa bango. Na roƙi guntun kwanon da ya rage, na kawo na kifa a saman ƙofar Gwaggo na danne da duwatsu, ko ramukan za su ƙara shekara ɗaya. Na san ba zai hana komai ba.

Da la'asar na bi ta bakin fadama. Hadari ya haɗu sosai a gabas, iska ta fara kaɗa ganyen giginyu. Na tsaya a gindin doguwar nan, na dafa sandata, na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Ban ga fure ba, ban ga 'ya'ya ba. Gobe in Allah Ya kai mu zan zo in sake dubawa.